Ɗan kokawa mai giram 500: kundin haɗa mutum-mutumin sumo

6 ga Disamba, 2025

Abin da za a haɗa ƙaramin mutum-mutumi ne mai tuƙa kansa, na gasar sumo ajin giram 500, kokawar da kowa ke ƙoƙarin ture abokin karawarsa waje da fage. Daga Japan wasan ya fito. Babban ajinsu na kilo 3 ne, ana yin sa a kan fagen ƙarfe mai faɗin santimita 154, da maganaɗisu a ƙarƙashin kowane ɗan wasa. Ƙaramin ajin rabin wancan fagen yake amfani da shi, na katako, kuma babu maganaɗisu.

Ƙa'idojin da komai zai ginu a kansu: tsawo da faɗi kada su wuce santimita 10 a lokacin farawa, tsayi ba iyaka, nauyi giram 500. Fagen da'ira ce baƙa mai faɗin santimita 77, bakinta da farin layi na santimita 2.5. Bayan an danna maɓalli sai an jira daƙiƙa 5 kafin motsi. Wanda ya fara cin turmi biyu ya ci wasa. Taya kuma ba a yarda ta yi danƙon da za ta ɗaga farar takarda A4 ta riƙe fiye da daƙiƙa biyu ba.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a sayi ko waya ɗaya: ƙarfin turi ba ya wuce nauyin da ke kan taya sau kamun da tayar ke yi wa ƙasa. In duk giram 500 na kan taya, kamun kuma 1 ne, turin giram 500 ne ke nan, komai girman moto. Da taya mai tsayin milimita 30 daga ƙasa zuwa sama, kowane moto na bukatar ƙarfin murɗawa na kilo-santimita 0.4 kacal kafin taya ta fara sulɓi. Moto N20 mai giya 50:1 ya fi haka. Saboda haka kuɗi da lokaci taya da nauyi da wuƙar gaba (siririn ƙarfen da ke kutsawa ƙarƙashin abokin karawa) za su tafi, ba babban moto ba.

9 ga Disamba

An yi odar kaya daga Legas. Arduino Nano, 'yar kwamfutar da za ta zama ƙwaƙwalwarsa, naira 7,500. Moto N20 na 6V mai juyi 600 a minti, guda biyu, 12,000. Direban moto TB6612FNG, mai sarrafa gudu da alkiblar moto, 4,000. TCRT5000 guda huɗu don ganin farin layi, 1,600, biyu na aiki biyu na ajiya. VL53L0X guda uku don hango abokin karawa, 14,400. Allon liƙi, rezista, kafasita, wayoyi da makunni, 3,500. Kuɗin aike 3,000. Jimla 46,000.

Direban L298N ya fi yawa a kasuwa, amma yana cinye kusan 2V kafin wuta ta kai ga moto, ga girma. Ma'aunin nisa HC-SR04 ma an bar shi: sauti ne yake harbawa, goshin abokin karawa da ke kwance kuwa sama yake watsa sautin, kuma tazarar da ake so tsakanin awo da awo milisakan 60 ce. Ma'aunin nisa Sharp GP2Y0A21 na da kyau daga santimita 10 zuwa 80, sai dai ƙasa da 10 karatunsa komawa yake kamar abin ya yi nisa, a daidai lokacin da aka haɗa ƙirji.

13 ga Disamba

Kafinta ya yanka da'ira biyu na katakon MDF don fage, kauri milimita 12, an haɗa da gam. Katako da aiki 13,000, fenti 4,500. An shafa, an bar shi ya bushe.

17 ga Disamba

Kaya sun iso. Nano ɗin mai guntun USB na CH340 ne, ya ƙi karɓar manhaja sai da aka zaɓi tsohon butloda (shirin da ke karɓar manhaja) a jerin nau'in ATmega328P. An auna kowane moto da mita: ɗaya ohm 4.1, ɗaya 4.4. Ma'ana in moto ya cije a 8.4V zai ja kusan amp 2. TB6612FNG amp 1.2 yake ɗauka a kowane ɓangare in za a daɗe, 3.2 na ɗan ƙiftawa. Don haka PWM, lambar da ke tsayar da yawan wutar da ake ba moto, ba zai wuce 200 cikin 255 ba, wanda ke ba moto kimanin 6.6V da cikakken batir.

Rabon ƙafafun Nano: D5 da D6 gudun moto, D7 zuwa D10 alkibla, D4 zuwa STBY (ƙafar kunna direba), D2 maɓalli, A0 da A1 idanun ƙasa (TCRT5000), A4 da A5 layin I2C (hanyar magana da idanun gaba, VL53L0X), D3, D11 da D12 zuwa XSHUT (ƙafar kashewa da kunnawa) na idanun gaba uku, A6 awon batir ta rezista 10k biyu. In aka manta STBY a ƙasa, moto ba zai motsa ba ko da komai daidai ne.

20 ga Disamba

Gindi: farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, 96 da 70, an yanke gurbin taya da zarto an gyara da magagari. Ya tashi giram 141. Naira 2,500.

Faɗin a ƙuntace yake. Jikin kowane moto milimita 25, biyu 50, tsakaninsu 6 don wayoyi, ya rage 42 cikin 98 da aka tsayar. Kowane gefe taya mai faɗin 20 da tazarar 1. An tsaya a 98 da gangan, domin akwatin awo na alkalai ba ya jin roƙo.

An kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe zanen cibiyar taya: alminiyam, faɗin da'irarta milimita 24, ramin tsakiya 3, ramin noti M3 a gefe, da kwaroro uku a kewaye. Zai kuma fafe mazubi na roba mai ciki 30. Duka 8,000.

23 ga Disamba

Fentin fage ya ɓata kwana biyu.

An haɗa TCRT5000 da rezista 220 a fitilarsa da 10k a ɓangaren karɓa, milimita 3 daga ƙasa. A kan farar takarda yana ba da 50 zuwa 70, a kan baƙin ƙyalle sama da 900. A kan fagen kuwa baƙin na yawo tsakanin 350 da 700, wani wurin ma ya faɗo 200. Fentin mai ne mai sheƙi. Ido na ganin baƙi, amma hasken infirared na nanomita 950 dawowa yake daga sheƙin kamar daga madubi. Da wannan fagen mutum-mutumin zai riƙa ja da baya a tsakiyar fili, yana ganin bakin da babu shi.

An goge da samfefa mai lamba 220, an shafa fentin allon makaranta hannu biyu, an zagaye bakin da farin fenti marar sheƙi. Ƙarin 5,000. Yanzu baƙi 880 zuwa 940, fari ƙasa da 90. Iyaka a manhaja ba za ta zama lamba tsayayya ba: cikin daƙiƙa 5 na jira, kowane ido zai karanta baƙin da ke ƙarƙashinsa sau 100, rabin matsakaicin shi ne iyakarsa. Fagen gasa ba zai zama irin na gida ba, kuma TCRT5000 biyu ba sa karatu ɗaya.

A lura: gwaji a tsakar gida da rana ba shi da amfani. Hasken rana na kutsawa ta gefe ya saukar da karatun. An sa wa kowane ido siket na baƙin tef.

27 ga Disamba

An liƙa allo. Ba wuta tun safe, sai da yamma aka gama.

30 ga Disamba

Tafiyar farko, da robar tif ɗin keke a kan cibiyar taya da batir 18650 biyu na tsohuwar kwamfuta. Gaba lafiya lau. Da ya ga fari ya juya baya, sai ya yi cak, fitilar D13 da ke kan Nano ta ƙifta, ya koma jiran maɓalli. Sau bakwai cikin goma haka.

Nano ne ke mutuwa ya farfaɗo. Moto mai gudu yana samar da wutar kansa. In aka juya masa alkibla farat ɗaya, wannan wutar na haɗuwa da ta batir, abin da yake ja ya kusa ninka na cijewa. Moto biyu a tare, tsofaffin batir, ga gidan batir mai sifirin, sai wuta ta faɗi. Regileta AMS1117 da ke ƙarƙashin Nano na son sama da 6V a VIN, ƙafar shigar wuta, kafin ya ba da 5V tsayayye. Mita ba ta nuna faɗuwar sosai saboda abin na milisakan kaɗan ne, amma da aka ba Nano wuta daban ta USB matsalar ta ɓace. Wannan ya isa shaida.

Gyara huɗu aka yi. Diyod 1N5819 tsakanin batir da VIN, da kafasita 470µF bayansa, don moto ya kasa zuƙe ajiyar Nano. Wata 470µF a ƙafar VM ta direba, inda wutar moto ke shiga. Ƙaramar kafasita 104 a bayan kowane moto, an liƙa kai tsaye a kan ƙafafunsa. A manhaja kuma birki na milisakan 15 kafin kowace juyawa, wato ƙafafun alkibla biyu duk a sama. Naira 800. An sake gwaji sau talatin, bai mutu ba.

Batir 18650 dai za su tafi. Biyu da gidansu sun haura giram 100, kuma dole a sama za su zauna, inda ba a son nauyi. An yi odar batir LiPo mai sel biyu, 450mAh, da caja mai daidaita sel, 26,000.

3 ga Janairu, 2026

Zubin taya. Silikon na masu gilashi, mai warin binega, kashi uku, da garin sitacin masara kashi ɗaya. Silikon shi kaɗai daga waje yake bushewa, a cikin mazubi rufaffe sai ya yi kwanaki cikinsa ɗanye; damshin da ke cikin sitaci ne ke busar da shi ciki da waje tare. An shafa wa mazubi basilin, an goge cibiya da sifirit, an cusa haɗin da sanda. Mintuna kaɗan ake da su kafin ya fara kamawa. A yi shi nesa da allo, tururinsa na cin tagulla. Silikon da sitaci 4,000.

Zubin farko ya fito da ramukan iska biyu. Na biyu an cika kwaroron cibiya tukun kafin a tura ta cikin mazubi, ya fito sumul.

4 ga Janairu

Taya ta biyu. An bar su su kwana.

7 ga Janairu

Ranar awo, kuma ita ce ta fi kowace rana amfani zuwa yanzu.

LiPo ya zo, giram 28. Wuƙar gaba daga sikirafar masu fenti aka yanko ta, 1,800, an kwantar da ita kimanin digiri 25, an wasa bakin a kan gilashi da samfefa 400 sannan 1000 har takarda ta daina shiga ƙarƙashinta a ko'ina. Ragowar nauyi an cike da dalmar balansin tayar mota, 1,000, zuwa giram 495. Biyar ɗin da aka bari na bambancin sikeli ne.

Ana auna turi da sikelin kicin da aka jingine a tsaye jikin bango, mutum-mutumin ya tura shi a kan guntun katako mai fentin fage. Robar tif: giram 240. Silikon: 350. Har yanzu ƙasa da abin da lissafi ya nuna.

Sai aka ɗora tayoyin a kan sikeli, wuƙa a kan littafi mai tsayi ɗaya. Giram 310 ne kawai a kan taya. Sauran 185 na kan wuƙa, ba ya turi, sai ma jan ƙasa. An ciro dalmar daga gaba, an buga ta ta yi fale-fale, an liƙa a ƙarƙashin faranti dab da moto, inda akwai sarari na kusan milimita 7. Batir ma ya koma saman moto. Yanzu 400 a taya, 95 a wuƙa. Turi ya hau 470. Ba a taɓa moto ba, ba a ƙara giram ɗaya ba, ƙarfi ya kusa ninka na awon farko.

An gwada 440 a taya. Turi ya ƙaru kaɗan, amma duk tashi sai wuƙa ta ɗaga sama, kuma wuƙar da ta ɗaga ƙofa ce aka buɗe wa abokin karawa. An koma 400. Ko a nan sai da aka sa gudu ya riƙa hawa a hankali cikin milisakan 60.

Gwajin takarda: ba ta ɗagu ba.

10 ga Janairu

An sake awon turi ba tare da an canza komai ba: 300. Ƙurar hunturu ce. Fagen ya kwana a buɗe, tayoyin suka kwashe ta a zagaye biyu suka yi fari-fari. Da aka goge da tsumma mai sifirit aka bar su su sha iska, 465. Daga yau gogewa kafin kowane turmi, fage kuma a rufe da leda. Duk wanda ke gwaji a wannan yanayi bai goge taya ba, lambobinsa na ƙura ne, ba na taya ba.

14 ga Janairu

Idanun gaba. Duk VL53L0X da adireshi ɗaya suke tashi a layin I2C, 0x29, kuma suna mance sabon da zarar an ɗauke wuta. Dole a kowane kunnawa a kwantar da ukun ta XSHUT, a tashe su ɗaya bayan ɗaya ana ba kowa nasa: 0x30, 0x31, 0x32. Kada a tura 5V a XSHUT. A ja ta ƙasa don kashewa, a mayar da ƙafar Nano ta zama mashiga don kunnawa. Akwai kuma 'yar leda a kan gilashin kowane ido, sai an ɓare ta.

Ɗaya na kallon gaba, biyu sun karkata digiri 30 hagu da dama. Kowanne na ganin kimanin digiri 25. Lokacin awo an sauke shi zuwa milisakan 20, mafi ƙanƙantar da yake karɓa. Abin da ya wuce milimita 400 a ɗauka ba kowa.

15 ga Janairu

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da idanun gaba suka fara aiki, sai ya daina ganin bakin fage. Sau huɗu a jere yana faɗawa.

Laifin na manhaja ne. Umarnin karanta nisa a laburaren (shiryayyen guntun manhaja) da ake amfani da shi tsayawa yake ya jira sai awo ya nuna. Zagayen manhaja da a da bai kai milisakan 1 ba ya koma kusan 20. A gudun mita 0.9 cikin daƙiƙa, farin layin gaba ɗaya milisakan 28 ne. Kallo ɗaya ke nan, in an yi sa'a biyu. An gyara: a leƙa rajistar da ke nuna awo ya nuna, in bai nuna ba a wuce, a yi aiki da na baya. Duk wani delay, umarnin tsayawa jira, an cire shi, an koma ƙirga lokaci da millis. Idanun ƙasa su ake fara dubawa a kowane zagaye.

Ko da haka akwai iyakar da manhaja ba ta iya ketarewa. Lokacin birki nauyi gaba yake komawa, kan wuƙa, taya ta rage kamu. A 0.9 yana bukatar kusan santimita 7 kafin ya tsaya. Bakin wuƙa na gaban idon ƙasa da milimita 10, wato milimita 15 suka rage mata lokacin da aka ga fari. A 0.4 tsayawar ba ta kai santimita 1.5 ba. Don haka gudun nema PWM 95, cikakken gudu sai idon tsakiya ya ga abu ƙasa da milimita 200.

18 ga Janairu

Sau biyu ya sandare da moto a kunne. Hayaniyar moto ce ke rikita layin I2C, laburaren Wire mai kula da layin ya tsaya jira har abada. An kunna setWireTimeout mai sa wa jiran iyaka, an gajarta wayoyin A4 da A5, an raba hanyarsu da ta moto, wayoyin moto kuma an murɗe su biyu-biyu. Awa ɗaya na gwaji bai sake ba.

20 ga Janairu

Gwaji da gwangwanin madara cike da yashi. Lafiya.

22 ga Janairu

Idon dama ya riƙa ba da milimita 40 zuwa 60 alhali ba komai a gabansa, mutum-mutumin na ta juyi yana bin iska. Ƙura ce a kan gilashin, tana mayar da hasken tun bai fita ba. Auduga busasshiya ta magance. An ƙara wannan a jerin abin dubawa.

Wuƙa kuma ta fara karce fage, MDF mai haske na leƙowa ta siraran layuka. Yanzu sai an ga fari sau uku a jere kafin a yarda. An ɗan dakushe kusurwoyin wuƙar biyu da magagari, domin lalata fage laifi ne a ƙa'ida.

25 ga Janairu

Karawar gwaji da wani mutum-mutumin ajin, turmi goma sha biyu. An ci bakwai, an faɗi biyar.

Gaba da gaba sau shida aka haɗu, an ci biyar. Wanda aka rasa, tayar hagu ce ta saki: notin cibiya ya kwance, sandar moto na juyi ita kaɗai. Dole notin ya zauna a kan shafaffen gefen sandar, a ɗiga masa jan farce a zare. Sauran huɗun duk ta gefe aka ɗauke shi. Daga digiri 45 zuwa baya makaho ne, kuma abokin karawar baƙi ne marar sheƙi, idanun ba sa kama shi sai ya matso kusan milimita 250. Yana cikin juyin nema a hankali ake shigo masa ta haƙarƙari.

A turmi na ƙarshe moton dama ya fara ƙara. An buɗe: haƙori biyu sun karye a giyar da ke kusa da sandar fita. Taya mai kamu sosai ba ta sulɓi ta sauke wa giya nauyi lokacin karo, duk bugun a haƙora yake ƙarewa. An yi odar moto biyu, 15,000 da aike. Kashewa zuwa yau 127,600, ciki 22,500 na fage ne.

28 ga Janairu

Kafin moto su iso, aikin manhaja. Buɗe wasa iri uku, a zaɓa da yawan danna maɓalli kafin farawa: kai tsaye, baka ta hagu, baka ta dama. Zai riƙa tuna gefen da ya ga abokin karawa na ƙarshe ya juya can, maimakon dama kullum. Juyin nema a wuri ɗaya zai hau PWM 130, tunda juyi a tsaye ba ya kai shi baki. In an yi daƙiƙa biyu ana turi ba ci gaba, ya ja baya milisakan 120 ya sake shiga ta kusurwa. Wannan zai rage wa direba zafi ma. Gudun karo zai sauka daga 200 zuwa 170 har wuƙa ta taɓa, sannan ya hau, don a tausaya wa giya.

Idanun gefe biyu na bukatar ƙafafu biyu na XSHUT. A2 da A3 na nan ba kowa, kuma suna aiki a matsayin ƙafafun dijital; A6 da A7 ne ba sa yi. Kowane ido da wayarsa da mariƙinsa zai kai giram 4, don haka giram 8 na dalma za su fita, daga gaban faranti, a sake awon taya da wuƙa. LiPo an sauke shi zuwa 3.8V kowane sel, yana cikin gwangwani a inuwa har moto su zo.